Zaɓen Idon Kyamara: Amsa ga Wani Mai Sauraro a Rusaifa

Jawabinmu na yau a kan ilmin kimiyya amsa ce ga wata takarda da ta zo mana daga ƙasa mai tsarki. Wani saurayi ne ya rubuto daga unguwar Rusaifa ta birnin Makka, Bahaushe haifaffen can, wanda kakanninsa suka tafi aikin hajji ta ƙasa suka yi zamansu. Ya ce ya yi tari ya sayi kyamara irin ta zamani wadda a ke kira marar madubi, tare da idon da a kan haɗa wa mai saye. Nufinsa ya riƙa ɗaukar hoton suna da ɗaurin aure a cikin dangi, ya kuma ɗauki dattawan unguwa da lungunansu tun suna nan. Amma hotunan da ya ke ɗauka cikin ɗaki da dare suna fita dishi-dishi, kuma masu sana'ar sun ce masa ya nemi tsayayyen ido. Kuɗin da ke hannunsa ba su wuce na ido ɗaya ba, ko biyu in ya matsa. To, wanne zai saya?

Wanda ya san Makka ya san abin da ya sa wannan yaro ya ke gaggawa. Rusaifa tana yamma da Harami, kuma a nan ne aka gina tashar jirgin ƙasa mai sauri da ke zuwa Jidda da Madina, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Tsakanin tashar da Harami an rushe gidaje masu yawa a tsofaffin unguwanni domin buɗe sabon babban titi. Lungun da mutum ya yi wasa a ciki yana yaro yana iya zama fili kafin ya aurar da 'yarsa. Makkan da ta wuce kuwa, abin da ya rage mana na kamanninta shi ne hotunan wasu mutane ƙalilan. Akwai Muhammadu Sadiƙ Bey, wani hafsan sojan Masar, wanda ya ɗauki Madina a 1861, ya ɗauki Makka a 1880. Akwai kuma Sayyid Abdul Gaffar, likita mazaunin Makka, wanda wani Bature ɗan ƙasar Holand mai suna Snouck Hurgronje ya buga hotunansa a 1889 ba tare da ya ambaci sunansa ba. A cikin irin waɗannan tsofaffin hotuna ne a ke ganin ganuwar Ajyad a bisa dutsenta, wadda aka rushe a 2002, inda dogon benen agogo ya ke tsaye yanzu. Waɗannan mutane da akwati mai nauyi suka yi aiki, da farantan gilashi, da ido wanda ba ya miƙewa ba ya tsukewa. Watau tsayayyen idon da aka ce wa mai tambayarmu ya saya shi ne tsohon hannu a wannan sana'a.

Bari mu fara da sanin mene ne idon kyamara. Ku sami tabarau irin na dattawa, wanda su ke sawa domin karatu, ku fita da shi cikin rana, ku riƙe shi bisa takarda. In kuna matsar da shi sama da ƙasa, za ku kai wani wuri inda hasken zai tattaru ya zama ɗan ɗigo mai zafi. Wannan ɗigo hoton rana ne ƙarami. Nisan da ke tsakanin gilashin da takardar a wannan lokaci shi ne abin da za mu riƙa kira tsawon ido. Tabarau mai lamba biyu yana tattara haske a nisan rabin mita. Idon kyamara ya fi shi ƙarfi nesa, gama wanda aka fi sani yana tattara haske a milimita 50, watau kamar inci biyu. Lambar nan da ku ke gani rubuce a jikin ido, 24 ko 35 ko 50 ko 85, ita ke nan. Asalin wannan ilmi ya daɗe. Malam Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir, wajen shekara dubu da ta wuce, yadda hasken fitilu ya ke ratsa 'yar ƙofa ya shiga ɗaki mai duhu a miƙe, kowane haske ya faɗi a nasa wuri a jikin bango. Kyamara ɗakin nan ne mai duhu aka ƙanƙanta, aka sa gilashi a ƙofar, aka sa wani abu mai jin haske a jikin bangon. Dā fim ne, yau kuwa wani ɗan faranti ne na lantarki, wanda masu hoto ke ce wa sensa.

Ido iri biyu ne. Akwai mai miƙewa, wanda a ke kira zum: in ka murɗa shi, tsawonsa ya canja, abu ya matso ko ya yi nisa. Irinsa ne a kan haɗa wa mai sayen sabuwar kyamara. Bai daɗe ƙwarai ba a hannun masu hoto, don sai a 1959 ne kamfanin Voigtländer ya fitar da na farko domin ƙananan kyamarori na fim. Sa'an nan akwai tsayayye, mai tsawo guda tak. In ka sayi 35, to, 35 ke nan har ya tsufa. In kana son abu ya matso, sai ka taka da ƙafarka.

Mai sauraro zai ce, don me mutum zai ba da kuɗinsa ga abin da ba ya yin rabin aikin wancan? Amsar tana ga ƙofar haske. A cikin kowane ido akwai wasu 'yan ganyayyaki na ƙarfe da ke buɗewa suna tsukewa, kamar yadda baƙin idon mutum ya ke buɗewa cikin duhu. A kan auna faɗin wannan ƙofa da wata lamba mai harafin f a gabanta, kuma lambar tana da wata al'ada mai rikita sabon shiga: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa, rabawa a ke yi. In tsawon ido milimita 50 ne, aka ce f/2, sai a raba 50 gida biyu, faɗin ƙofa ya zama milimita 25. In aka ce f/4, ƙofa ta koma 12 da rabi. Da ya ke ƙofar zagayayya ce, in faɗinta ya ragu da rabi, hasken da ke shiga ba rabi ya ke komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ya ke komawa. Saboda haka aka jera lambobin haka: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowace tana shigar da rabin hasken wadda ta gabace ta.

To, ga inda ciwon mai tambayarmu ya ke. Zum ɗin da a kan haɗa da kyamara, galibi in an miƙe shi zuwa ƙarshe, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, wani ma bai kai ba. Tsayayyen ido mai araha kuwa yana buɗewa har f/2 ko f/1.8. Daga 5.6 zuwa 2 mataki uku ne, watau haske ninki takwas, zuwa 1.8 kuwa kusan ninki goma. A ce ana walimar suna bayan sallar isha, a falo mai ƙwan lantarki biyu. Da zum, kyamara za ta bar ƙyaurenta a buɗe kashi ɗaya cikin 15 na sakan kafin haske ya ishe ta. A wannan ɗan lokaci jariri ya motsa hannu, kaka ta juya kai, hannun mai ɗauka shi ma ya yi rawa, hoto ya fito kamar an shafa shi da tsumma. Da tsayayyen ido a f/2, a falon nan, da ƙwayayen nan, kashi ɗaya cikin 125 na sakan ya isa, kowa ya tsaya cak. Kyamara tana da wata dabara ta ƙara wa faranti ji, amma in an matsa mata sai hoto ya yi tsaki-tsaki, launin fata ya lalace. Akwai kuma kyamarori masu gyara rawar hannu da kansu. Wannan abu ne mai amfani, sai dai rawar hannun mai ɗauka kaɗai ya ke gyarawa, ba ya hana yaro gudu.

Abin da ya sa tsayayye ya ke samun babbar ƙofa da araha shi ne aiki ɗaya aka sa shi. Gilashi guda ba ya ba da hoto mai kyau: yana rarraba launuka kamar bakan gizo, yana lanƙwasa miƙaƙƙen layi, gefen hoto ya dushe. Don haka a ke jera gilasai da dama, wani yana gyara aibin wani. Wani masanin lissafi a Biyana, Joseph Petzval, shi ya fara tsara ido da lissafi a 1840, idonsa ya rage zaman da mai son hoto ya ke yi daga mintoci zuwa ƙasa da minti guda. A Ingila Dennis Taylor ya fito da tsarin gilashi uku a 1893, a Jamus kuma Paul Rudolph na kamfanin Zeiss ya fito da Tessar mai gilashi huɗu a 1902. Mai tsara tsayayyen ido yana gyara aibobi ne domin tsawo ɗaya. Mai tsara zum kuwa tilas ya gyara su domin kowane tsawo, gilasai suna tafiya gaba da baya, sai ya sarayar da wani abu, kuma abin da a ke fara sarayarwa shi ne faɗin ƙofa. Gaskiya akwai zum masu kyau ƙwarai yanzu, masu buɗewa f/2.8, amma kuɗinsu da nauyinsu ba na mai fara sana'a ba ne.

Yanzu mu koma ga kalmar nan, marar madubi. A kyamarorin da suka yi sarauta shekaru da yawa akwai wani madubi a gicciye tsakanin ido da fim, yana tura hoto sama zuwa inda mutum ke leƙawa. In an danna, madubin ya ɗaga, haske ya wuce. Madubin nan yana bukatar wurin motsi, saboda haka tilas ido ya zauna nesa da fim: milimita 44 a kyamarorin Canon, 46 da rabi a na Nikon. Wannan ya ba masu tsara gajeren ido wahala, don yaya za a yi idon milimita 24 ya zauna a nisan 44? Sai da wani Bafaranshe, Pierre Angénieux, ya fito da wata dabara a 1950, ta sa babban gilashi mai warwatsa haske a gaba. A 2008 kamfanin Panasonic ya fitar da kyamarar da aka cire mata madubin nan ɗungum, mutum yana leƙa hoton da faranti ke gani kai tsaye. Sony ta fito da mai babban faranti a 2013, Nikon da Canon suka biyo da nasu a 2018. Da madubi ya tafi sai nisan ya ragu: 18 a Sony, 20 a Canon, 16 a Nikon. Amfani biyu ya fito daga nan. Na farko, gajerun idanu sun sami damar ƙanƙancewa. Na biyu, tsohon ido na kyamarar fim yana hawa sabuwar kyamara in an sa masa wani zobe da ke cike gurbin nisan da ya ɓace. Wanda ya gaji tsohuwar kyamarar mahaifinsa kada ya yar da idonta. Amma akasin haka ba ya yiwuwa, sabon ido ba ya komawa tsohuwar kyamara. Kuma kowane kamfani da irin bakinsa. Idon Canon ba ya shiga bakin Sony. Wasu kamfanoni, irin su Sigma da Viltrox, suna ƙera ido ɗaya da baki iri-iri, don haka sai a karanta kwali da kyau kafin a biya.

Akwai wani tarko da mutane da yawa suka faɗa ciki, shi ne girman faranti. Lambobin da masu hoto ke ambata a hira, 35 da 50 da 85, sun samo ma'anarsu ne daga fim mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, wanda kyamarar Leica ta Oskar Barnack ta yaɗa tun 1925. Kyamara mai babban faranti girmanta ke nan. Amma yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi farantinsu matsakaici ne, sai ya zama tsakiyar hoton kaɗai su ke kamawa, kamar mai leƙen waje ta ƙaramar taga. A irin waɗannan sai a ninka lambar ido sau ɗaya da rabi: idon 50 ya yi aikin 75, idon 35 ya yi aikin kusan 50, idon 23 ya yi aikin 35. Kyamarorin Fujifilm masu bakin X, waɗanda a ke canja wa ido, haka su ke. A ƙaramin faranti irin na Olympus da wasu na Panasonic sau biyu a ke ninkawa, 25 ya zama 50. Mai tambayarmu bai gaya mana irin farantinsa ba. Sai ya duba, gama in matsakaici ne, ya ji an ce 50 ya fi, ya je ya saya, zai tarar a falon gidansu mutum biyu kaɗai ke shiga hoto. Daga nan gaba duk lambar da na ambata ta babban faranti ce, kowa ya yi nasa lissafi.

To, wane tsawo? Ni a ganina tambayar da ta kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce: ina zan iya tsayawa? Bango ba ya matsawa don mai hoto. Ga lissafi mai sauƙi wanda ko ɗan makarantar firamare zai iya. A ninka nisan da ke tsakaninka da mutane sau 36, a raba da tsawon ido, abin da ya fito shi ne faɗin wurin da hoto zai ɗauka. A ce ka jingina da bango, mutane suna zaune mita uku daga gare ka. Idon 50 zai kama faɗin mita biyu da 'yan kai, watau mutum huɗu kafaɗa da kafaɗa. Idon 35 zai kama mita uku, mutum shida. Idon 24 zai kama mita huɗu da rabi, mutum tara. Idon 85 kuwa mita ɗaya da kwata, ango da babban abokinsa kawai. Gidajen tsofaffin unguwannin Makka ɗakunansu matsattsu ne, lunguna kuma wani wurin mota ba ta shiga, ga hawa ga gangara. Haka abin ya ke a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina. A irin wannan wuri, wanda ke da kuɗin ido ɗaya, ni 35 zan ce ya saya, mai ƙofar f/1.8 ko f/2. Yana ɗaukar mutum tare da inda ya ke zaune: tsoho da darduma da butarsa da ƙofar gidansa. Ga mai son ajiye tarihin unguwa, ƙofar gidan tana da daraja kusan kamar fuskar.

Wani zai ce, in haka ne me zai hana a sayi 24, a kama kowa da kowa? Akwai dalili. Gajeren ido yana jan abin da ke gefen hoto, wanda ya zauna a ƙarshen layi sai ya fito da faɗi kamar ya ƙara ƙiba, kansa ya yi tsawo. In aka ɗaga kyamara sama kaɗan, gine-gine su yi kamar za su faɗi baya. Kuma yana ruɗin mai ɗauka ya matsa kusa da fuska ainun. A nan akwai wani abu da ko tsofaffin masu hoto su kan yi kuskure a kai. Su kan ce gajeren ido yana ƙara girman hanci. Ba idon ne ke yi ba, kusanci ne. Tsakanin kan hanci da kunne akwai kamar santimita 12. In kyamara tana rabin mita daga hanci, kunne ya fi shi nisa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, don haka hanci ya fito ƙato, kunnuwa su ƙanƙance. In aka ja baya zuwa mita biyu, bambancin bai wuce shida cikin ɗari ba, fuska ta koma yadda mutane suka san ta. Abin da ya sa ke nan hoton da mutum ya ɗauki kansa da wayar hannu ba ya faye yi masa kyau, tsawon hannunsa ne iyakar nisan. Amfanin dogon ido shi ne yana barinka ka tsaya can baya, amma fuska ta cika hoto.

Wannan ya kawo mu ga ido na biyu. In kuɗi sun samu, sai 85, ko abin da ya yi kusa da shi. Shi ne idon amarya da ango, shi ne na dattijo mai furfura. Yana da wata fa'ida da ba ta cikin lissafi: mutum yana tsayawa mita biyu ko uku, bai tura kyamara a fuskar babba ba, dattijo ya saki jiki. Yana kuma narkar da abin da ke baya, wayoyin lantarki da tankin ruwa da shanya su zama hazo, mutum ya fito shi kaɗai. Sai dai a yi hattara da wannan narkarwa. Idon 85 a buɗe f/1.4, a nisan mita biyu, wurin da ke fita sarai bai wuce kaurin santimita biyar ba. Ƙwayar ido ta fita, kunne ya dushe. In mutum biyu ne, ɗaya ya ɗan ja baya, to, ya tafi. Idon 35 a f/5.6, an saita shi a mita uku, yana fitar da kome daga mita biyu har biyar. Saboda haka in za a ɗauki dangi sahu biyu ko uku, sai a tsuke ƙofa, a fito da su tsakar gida inda haske ya ke. Babbar ƙofa ta ranar bukata ce, ba a barinta a wangale kullum.

Shi kuwa 50, wanda a ke kira idon tsaka-tsaki, ba abin rainawa ba ne. Daga kusurwa zuwa kusurwa babban faranti milimita 43 ne, kuma idon da tsawonsa ya yi kusa da wannan yana ba da hoton da ba ya jan kome ba ya matse kome. Kusan a kowane kamfani shi ya fi araha. Wanda aikinsa hoton mutum ɗaya ko biyu ne, ko kayan sayarwa, zai ishe shi. Amma 35 da 50 sun yi kusa da juna, taku biyu ke raba su, ban ga dalilin mai ƙaramin ƙarfi ya haɗa su ba. Gara 35 da 85, ko 28 da 50, watau na biyu ya zama wajen ninki biyu na na farko.

Mai tambayarmu ya ambaci agogon Makka, yana son ɗaukarsa daga rufin gida. Benen nan tsayinsa mita 601 ne. A ce nisan kilomita huɗu ne. A ninka tsayin da tsawon ido, a raba da nisan: da idon 35 benen zai fito milimita biyar a kan faranti, da 85 ya kusa 13, watau ya wuce rabin tsayin hoto, da 135 ya kai 20. Kun ga ke nan 85 ɗin nan zai biya bukata, ba sai an sayi na uku ba. Sai dai a ɗauka da sassafe, don in rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa yana kaɗa iska, abin da ke nesa ya yi ta rawa, kuma ba idon da ke maganin wannan.

Game da masu babbar ƙofa ƙwarai, irin f/1.2, shawarata a bar su tukuna. Ku dubi biyu na kamfani ɗaya: idon Canon na 50 mai f/1.8 nauyinsa giram 160 ne, ɗan'uwansa mai f/1.2 kuwa giram 950. Hasken da babban ya ƙara bai wuce ninki biyu da kwata ba, kuɗinsa kuwa ya ninka sau da yawa. Wanda zai yini yana hawa lungu cikin zafin Makka, inda a hajjin 2024 ma'aunin zafi ya haura digiri 50, ya san abin da kilo guda a wuya ya ke nufi. Ban da haka, babban ido yana tsorata mutane. A nan ya kamata in tuna wa mai tambayarmu abin da ya riga ya sani: dokar Saudiyya tana hukunta wanda ya keta sirrin mutane da ɗaukar hoto, kuma masu kula da Harami suna da ƙa'idodinsu game da kayan hoto. Ko ba doka, al'adarmu ta hana a ɗauki matan mutane ko dattijo ba da yardarsu ba. A yi sallama, a nemi izini, in hoto ya fito a kai wa mai shi nasa.

Saura abu biyu na kula. In ka dubi ido mai kyau za ka ga gilashinsa yana ƙyallin kore ko shunayya. Wani shafi ne siriri wanda Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Zeiss a 1935. Gilashi tsirara yana mayar da wajen huɗu cikin ɗari na haske a kowace fuska, in gilasai sun yi yawa sai hasken ya yi ta kai da kawowa a ciki, hoto ya yi fari-fari. Shafin nan ke hanawa, kuma shi ne ke fara lalacewa in ana goge ido da gefen riga ko rawani, gama ƙurar da ke jikin tufa yashi ce. A hure ƙura tukuna da ɗan famfon roba, sa'an nan a shafa da ƙyallen da aka yi domin haka. Na biyu, kyamara marar madubi in an cire mata ido, a yawancinsu farantin a fili ya ke, ba abin da ya tare shi. Mai tsayayyun idanu kuwa yana yawan canjawa. A kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a juya wa iska baya, a yi da sauri. Ranar ƙura ko lokacin hunturu a ƙasar Hausa a shiga ɗaki. Wanda zai sayi na hannu ya buɗe ƙofar idon duka, ya haska tocila ta baya ya leƙa. Ɗan ƙura ba kome ba ne. Amma in ya ga wani abu kamar saƙar gizo a jikin gilashi, wannan fumfuna ce, ta fi kama idon da ya zauna a gari mai laima irin Jidda ko Ikko, sai ya mayar wa mai shi.

Kafin ya kai kuɗinsa kanti, ga wani gwaji da mai tambayarmu zai yi ba da ko kwabo ba. Kowane hoton da kyamarar zamani ta ɗauka tana rubuta tsawon idon da aka yi amfani da shi a cikin bayanin hoton. Ya zaɓi hotuna talatin da ya fi so cikin waɗanda ya riga ya ɗauka, ya duba lambar kowane, ya rubuta a takarda. Sau da yawa za a ga sun taru a wuri ɗaya ko biyu. Sa'an nan ya murɗa zum ɗinsa zuwa wannan lamba, ya ɗaure shi da salatif, ya yi mako guda bai kwance ba, ya je da shi suna, ya je da shi majalisar dattawa bayan la'asar, ya shiga lungu. In a cikin makon ya riƙa jin bango na tokare masa baya, to, gajere ya ke bukata. In kuwa kullum yana yanke gefen hotunansa, sai ya ƙara tsawo ya sake wani makon.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ke sa fuskar baƙin mutum ta yi duhu a hoto in yana sanye da fararen kaya, da yadda a ke gyara wannan tun kafin a danna. Mu kwana lafiya.